Littafin Haihuwa na Keneba da Darasinsa ga Iyaye

(Taken shiri)

 

Bahasinmu na yau ya shafi wani nau'i ne na ilimi wanda ba a samunsa da gaggawa, ko da an tara dukiya an tara ƙwararru, domin sharaɗinsa na farko shi ne tsawon zamani. Ina nufin ilimin da ake samu ta hanyar bin rayuwar mata da 'ya'yansu, tun daga ciki har haihuwa, daga haihuwa har yaye, daga yaye har balaga, har su ma su haifi nasu, ana aunawa ana rubutawa shekara bayan shekara ba tare da yankewa ba. Wasu daga cikin nasihohin da ake yi wa mata a wajen awon ciki a yau, waɗanda muke ji kamar tun fil'azal aka san su, daga irin wannan doguwar bibiya aka ciro su.

Dalilin bukatar tsawon zamani a fili yake ga mai tunani. Likitan da aka kawo wa yaro yana zazzaɓi yana iya gane cutar a yini guda. Amma idan aka tambaye shi ko yunwar da mace ta sha tana da ciki za ta bar alama a jikin ɗanta bayan shekara 30, ko kuwa wane wata ne cikin shekara ya fi cinye jarirai a gari kaza, to, ba shi da jawabi tabbatacce sai in akwai wanda ya rubuta tun farko, saboda ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana mantuwa, tana cuɗa shekaru, kuma jaririn da ya koma kafin suna sau da yawa ba ya shiga lissafin kowa in ba na mahaifiyarsa ba. Manomi mai hankali ba ya yanke wa iri hukunci da damina ɗaya, sai ya ga yadda ya yi a shekarar ruwa da shekarar fari. Haka al'amarin yake ga mai son sanin abin da ke raya ɗa da abin da ke halaka shi.

A ƙasar Gambiya, a gundumar Kiang ta Yamma, akwai wani ƙauye mai suna Keneba, da maƙwabtansa Manduwar da Kantong Kunda. Mutanensu Mandinka ne, Musulmi, manoma gyaɗa da gero da shinkafa, kuma noman shinkafar a hannun mata yake. A shekarar 1949 wani likita ɗan ƙasar Sukotlan, Ian McGregor, ya sauka Gambiya a ƙarƙashin Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, kuma daga 1950 ya soma wani aiki a waɗannan ƙauyuka wanda a zahirinsa ba shi da wani armashi: ya nemi yardar dattawa, ya sa aka zaɓi waɗanda suka iya rubutu daga cikin mutanen gari, aka ɗora musu amanar rubuta ranar kowace haihuwa da ranar kowace mutuwa, tare da sunan uwa da na uba. Shi kuwa duk shekara sai ya dawo, a tara jama'a gida-gida, a ɗora yaro a kan sikeli, a tsai da shi jikin ma'aunin tsawo, a lalubi cikinsa a ji ko saifa ta kumbura, a tsaga yatsa a ɗiga jini a kan gilashi don neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sannan a shigar da duk abin da aka gani a ƙarƙashin sunansa. Wannan rubutu da aka soma a 1950 bai yanke ba har yau, kuma yana daga cikin mafiya daɗewa irinsa a nahiyar Afirka. Jariran da aka fara rubutawa, waɗanda Allah ya ja zamaninsu, yanzu tsofaffi ne masu jikoki, jikokin ma suna cikin littafin.

Abu na farko da lissafin ya fito da shi abin tayar da hankali ne, domin an samu cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a waɗancan shekaru, kusan 400 ba su kai shekara 5 ba. Mutanen gari sun san suna binne 'ya'ya, ba su bukatar baƙo ya gaya musu. Abin da littafin ya ƙara shi ne tsarin musibar, wato yaushe take zuwa kuma a kan wa take sauka. Sai aka ga ba a rarrabe take cikin shekara daidai wa daida ba, bal tana taruwa ne a damina da ƙarshenta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa alhali sabon hatsi bai nuna ba, lokacin da mata ke wuni a sunkuye cikin fadama suna dashen shinkafa, mai ciki da mai goyo duka, lokacin da sauro ya yawaita kuma gudawa ta kama yara. A wannan lokaci manya suna ramewa, mai ciki ba ta ƙara nauyin da ya kamata, jarirai kuma suna fitowa ƙanana. Duk wanda ya taɓa cin marka a ƙauyen ƙasar Hausa da rumbun da ya kusa ƙarewa ya san wannan hali ba sai an fassara masa ba.

Daga cikin abin da McGregor da abokan aikinsa suka tabbatar a Gambiya akwai cewa zazzaɓin cizon sauro yakan maƙale a mabiyiya, musamman ga mai cikin fari, ya rage nauyin abin da ke ciki, ko da ita matar ba ta kwanta ba. Wannan yana daga cikin hujjojin da aka gina hukuncin ba masu ciki ƙwayar rigakafin zazzaɓi a wajen awo, da yi musu wasiyya da kwana cikin gidan sauro.

A tsakiyar shekarun 1970 masana abinci daga Kembirij ta Ingila suka karɓi aikin, suka kafa asibiti na dindindin a Keneba, da likita da ungozoma, ana duba masu ciki, ana yi wa yara allurar rigakafi, ana maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari tun ba su yi tsanani ba. Da yake akwai lissafin shekara 25 da suka gabata, sai ya yiwu a auna fa'idar asibitin da ma'auni tabbatacce: mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5, wadda take kusan 400 cikin 1,000, ta sauko ƙasa da 70 cikin 1,000 a shekarun 1990. Mutanen nan ba su yi arziki dare ɗaya ba, ba su daina noma da hannu ba. Abin da ya sauya shi ne magani ya zo kusa, ya zo a kan lokaci, kuma bai yanke ba.

Sai dai littafin da ya yi wannan bushara shi ne kuma ya hana masu aikin ruɗuwa da nasararsu. Da aka tattara awon yara fiye da 3,600 daga 1976 zuwa 2012, an ga cewa tsumburewa, wato yaro ya gaza tsawon da ya dace da shekarunsa, ta ragu daga kashi 57 cikin 100 na 'yan shekara 2 zuwa kashi 30, amma ba ta gushe ba, duk da asibiti kyauta da rigakafi da nasiha. Yaro yakan tashi lafiya lau a watanninsa na farko yana kan nono, sai girmansa ya soma ja da baya a daidai lokacin da aka fara haɗa masa da kunu. Tun shekaru da yawa kafin wannan lissafi, masu binciken sun bi kunun har cikin ƙwarya. Uwa takan dama shi da asuba kafin ta tafi gona, ta bar wa 'yar reno, a yi ta ba yaro da rana har yamma. Da aka ɗebi kunun aka auna a sa'o'i dabam-dabam, sai aka ga wanda ya wuni a ajiye cikin zafi ya cika da ƙwayoyin cuta, alhali kamanninsa bai sauya ba. Daga baya, a 1991, suka nuna cewa hanjin yaran da yawa yana da rauni na ɓoye saboda yawan shigar ƙazanta, har ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, kuma wannan rauni shi ne sanadin wani babban kaso na rashin girmansu. Natijar ita ce, abinci kaɗai ba ya gina yaro sai an haɗa da tsabtataccen ruwa, da masai, da wanke hannu, da tsakar gida wadda yaro mai rarrafe ba zai cuɗanya da kashin kaji da na awaki a cikinta ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, har yanzu muna tare a cikin shirin faɗakarwa a kan lafiyar iyali, muna kuma magana ne a kan abin da doguwar bibiyar uwa da ɗa ta koyar a ƙauyukan Gambiya.

Da ya tabbata cewa jariran damina suna fitowa ƙanana, sai tambaya ta taso: in aka ƙara wa mai ciki abinci, shin zai isa ga abin da ke cikinta? Aka jarraba a Keneba aka ga alamar fa'ida, sannan aka faɗaɗa jarrabawar zuwa ƙauyuka 28, a ƙarƙashin jagorancin Sana Ceesay, aka fitar da sakamakon a 1997. Abin da aka bayar ba wani baƙon magani ba ne daga ƙetare: biskit ne na soyayyar gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa, matan gari ke gasawa, ungozomomin gari ke rabawa kullum, tun daga tsakiyar ciki har haihuwa. Matan wasu ƙauyukan suka samu nasu suna da ciki, na wasu kuma suka samu bayan sun haihu, domin a sami abin kwatantawa ba tare da an hana kowa rabonsa ba. Cikin haihuwa sama da 2,000, nauyin jariran matan da suka ci suna da ciki ya ƙaru da giram 136 a matsakaici, a lokacin yunwa kuwa da giram 201; haihuwar jarirai masu ƙarancin nauyi ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku; haihuwar ɗa ba rai kuwa ta ragu da kusan rabi.

A nan akwai wata nukuta da nake roƙon iyayenmu mata su riƙe. Da yawa daga cikin mata, a can da nan, suna rage ci in ciki ya tsufa, don tsoron kada ɗa ya yi girma naƙuda ta yi wuya. Masu binciken ba su raina wannan tsoro ba, sun ɗauke shi da muhimmanci har suka auna kewayen kan kowane jariri, sai aka ga ƙarin bai wuce kimanin milimita 3 ba, abin da bai kai ya hana haihuwa ba. Saboda haka mai cikin da ta ƙuntata wa kanta abinci ba ta sauƙaƙa wa kanta naƙuda ba, ta dai raunana kanta ta raunana ɗanta. Wani abin mamaki kuma, da aka ƙara wa masu shayarwa abinci a Keneba, yawan nononsu bai ƙaru sosai ba, domin tun asali jikin uwa yana fifita ɗa a kan kansa, yana fitar da nono daga ajiyarsa ko da uwar tana ramewa. Hikimar Ubangiji ke nan. Ma'anarta kuwa biyu ce, cewa ramammiyar uwa kada ta yanke ƙauna daga nononta, da kuma cewa mai gida ya san abin da ɗansa ke sha daga tsokar matarsa ake yankarsa in bai ciyar da ita ba.

A shekarar 1997 ɗin dai aka fitar da wani sakamako wanda ba don rubutun farko ba da babu hanyar saninsa har abada. Aka ɗauki sunayen mutum fiye da 3,000 da aka haifa a ƙauyukan uku tun daga farkon aikin, aka raba su gida biyu, haihuwar lokacin yunwa, wato daga Yuli zuwa Disamba, da haihuwar lokacin wadata, aka bi ƙarshen kowa. A yarinta ba a ga wani bambanci ba. Amma daga balaga zuwa sama sai hanya ta rabu, haihuwar lokacin yunwa suka fi mutuwa da ƙuruciyar girma ninki da yawa, kuma galibi da cututtuka masu kamuwa, abin da ya sa aka yi zaton garkuwar jikinsu ta sami tawaya tun suna ciki. Amma ku dubi ladabin ma'abuta ilimi: ba su tsaya a kan abin da suka gano suna alfahari ba, sai aka nemi irin wannan lissafi a Niyakar ta Sanigal da Matlab ta Bangaladash, inda su ma ake da tsofaffin littattafai, kuma a can ba a ga wannan bambanci ba, aka kuwa bayyana haka a fili. Don haka kada wanda aka haifa a damina ya tsorata, ajali yana hannun Allah. Abin da ya tabbata shi ne, halin da uwa take ciki kafin ta ɗauki ciki da lokacin da take ɗauke da shi yana iya barin tasiri mai nisa, kuma bincike ɗaya ba ya zama hujja yankakkiya sai wani ya ƙarfafe shi.

Akwai kuma wani fasali na littafin da ya shafi tsofaffi. Da yake an rubuta nasabar kowa, sai wasu masana suka koma kan lissafin shekarun 1950 zuwa 1974, kafin zuwan asibiti, suka tambaya: bayan uwa, wane ne cikin dangi kasancewarsa da rai ya fi taimakon rayuwar yaro? Jawabin da suka fitar a shekarar 2000 shi ne kaka ta wajen uwa. Yaran da kakarsu ta wajen uwa take raye sun fi samun jiki, sun kuma fi tsira, musamman a shekara ta biyu, lokacin yaye, sa'ad da uwa ta sami wani cikin ko ta koma gona. Mu da muka saba kai yaro yaye gidan kakarsa mun san abin da wannan lissafi yake faɗa. Tun da haka ne, lalle duk wani shirin lafiya da ya tsallake kaka ya yi magana da ƙaramar uwa ita kaɗai ya bar mai hukunci a waje, domin kaka ce ke cewa a ba jariri daƙashi ko a zubar, ita ke cewa a tafi asibiti yanzu ko a jira gari ya waye.

(Ɗan kiɗa)

Ba a Gambiya kaɗai aka ga albarkar rubutu da haƙuri ba. A lardin Hertfordshire na Ingila, wata shugabar ungozomomi mai suna Ethel Burnside ta wajabta tun daga 1911 cewa a auna kowane jariri ranar haihuwa da kuma in ya cika shekara, a shigar a manyan littattafai. Ta bar duniya ba ta san iyakar abin da ta shuka ba. Bayan kimanin shekara 70 wani likita, David Barker, ya gano littattafan, ya bi sawun maza fiye da 5,000 da ke ciki, ya nuna a 1989 cewa waɗanda suka fi ƙarancin nauyi a jarirantaka su ne suka fi mutuwa da ciwon zuciya a tsufa. A ƙasar Gwatamala kuma, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba mata da yara na ƙauyuka biyu wani kunu mai gina jiki, na wasu ƙauyuka biyu kuma wani abin sha mai ɗan zaƙi. Da aka nemo yaran bayan sun zama magidanta, sai aka samu cewa mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara 2 suna samun ladan aiki da ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin 100, matan kuma sun fi zurfi a makaranta. Irin waɗannan hujjoji ne suka haɗu aka fitar da ƙa'idar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, wadda ƙarshenta ya dace da muddar shayarwa da Alƙur'ani mai girma ya ambata.

Mu ma a Nijeriya muna da rabo a cikin wannan tarihi. A garin Imesi-Ile, wanda yake Jihar Osun a yau, likita David Morley ya bi girman yara kimanin 400 tun daga ƙarshen shekarun 1950, ya ga yadda ƙyanda da tari da gudawa ke karya girman yaro, ya kuma ga cewa tsayawar nauyi ita ce gargaɗin farko tun kafin tamowa ta bayyana ga ido. Daga nan ya tsara katin awon yara mai layin da ke hawa, wanda uwa ke riƙewa a hannunta, wanda ya bazu ƙasashen duniya. Katin nan da ke cikin adakar matarka, ya kai mai gida, asalinsa daga ƙasarmu ne. A Zariya kuma, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979, kuma abin da ya fito ƙarara shi ne, mafi yawan matan da suka rasu wajen haihuwa, nesa ba kusa ba, su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta yi tsawo ko jijjiga ta kama ko jini ya ɓalle aka ɗauko su. Haɗarin ya fi tsanani ga yarinyar da jikinta bai gama ginuwa ba da kuma wadda ta haihu da yawa. Matan da suka yi karatu kuwa sun fi tsira, su da 'ya'yansu.

Wajibi ne mu faɗi haƙƙi a nan. Duk wannan ilimi da duniya ke amfana da shi, asalinsa sadaka ce daga mata talakawa waɗanda suka bar aikinsu suka tsaya a layi, suka miƙa 'ya'yansu aka auna, suka amsa tambayoyi a kan ɓarinsu da mamatansu, shekara da shekaru. Saboda haka amana ce a wuyan mai bincike: ya bayyana maƙasudinsa da harshen da mutane ke ji, ya nemi izini ba tare da tilas ko yaudara ba, ya rufe asirin wanda ya ba shi labari, ya yi maganin cutar da ya tarar, ya kuma dawo ya gaya wa jama'a abin da ya gano. In masu bincike suka zo garinku, haƙƙinku ne ku tambaye su wace hukuma ta ba su izini, me za su ɗiba, ina za a kai shi, wace maslaha za ta dawo wa gari, kuma duk wanda ya ga dama yana iya janyewa ba tare da an hana shi magani ba. In jawabinsu ya gamsar, to, taimaka musu taimakon jikokinku ne.

To, mene ne rabon mai saurare daga wannan bahasi? Na farko, a rubuta ranar haihuwar kowane ɗa, ko da boko ko da ajami, a yi masa takardar haihuwa, a adana katin awonsa da na rigakafinsa inda ruwa da gara ba za su taɓa ba, a kuma tafi da shi duk sa'ad da za a je asibiti, domin ma'aikacin lafiya da ya ga awon wata shida a jere ya fi wanda ya ga yaro yau kaɗai sanin halinsa. Na biyu, mai gida ya yi tanadin damina tun da kaka saboda mai ciki da mai goyo, ya keɓe musu gyaɗa da wake da mai, ya sauƙaƙa musu aikin gona da ɗaukar ruwa da daka a watannin marka. Na uku, mai ciki ta soma awo da wuri, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi yadda aka umarce ta, ta kwana cikin gidan sauro, a kuma shirya abin hawa da kuɗin tafiya tun naƙuda ba ta zo ba. Na huɗu, nono zalla har wata 6, sannan kunu sabon damu a cikin tsabtataccen kwano, a inganta shi da gyaɗa ko waken suya, wanda ya wuni a ajiye kuwa kada a ba yaro sai an sake tafasa shi. Na biyar, hakimai da limamai da shugabannin ƙananan hukumomi su kula da littattafan haihuwa da na mutuwa da ke asibitocinsu, su tambayi lissafin kowane wata, domin shugaban da bai san adadin jariran da garinsa ya rasa bana ba, ba shi da hanyar sanin ko ƙoƙarinsa yana amfani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa tawakkali. Malamanmu sun karantar da mu cewa riƙon sababi yana cikin biyayya ga Wanda ya halicci sababin, kuma kiyaye rai da kiyaye zuriya suna daga cikin manyan maƙasudan shari'a.

Jama'a, a nan lokaci ya cim mana. Wanda ya ji wannan bayani ya isar da shi ga wadda ba ta ji ba, musamman surukai da kakanni da ungozomomin unguwa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa a kan tafarki madaidaici, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma saka wa ma'aikatan lafiya da alheri.  

(Taken shiri)